A bar yara su hura wutarsu da kansu

Kwanakin baya na ci karo da tallan wani sansanin hutu, irin wanda ake kai yara daji su yi sati ɗaya ko biyu idan an rufe makarantu lokacin bazara. Alkawuran da ke ciki manya ne. Wai yaronka zai dawo da kaifin lura, da iya shugabanci, da halin godiya. Da na duba jadawalin ayyukan sai kaina ya ɗaure. Da safe laccar shugabanci a ɗakin taro. Da rana awa ɗaya ta yawon shan iska. Da daddare a zauna a kewaye, kowa ya faɗi abu uku da yake godiya a kansu. Tantuna kuwa ma'aikata ne ke kafa su tun kafin yaran su iso, wutar da za a zauna a gefenta ma ma'aikaci ne zai hura.

To me ya kai su daji ke nan?

Na yarda sansani na iya dasa wa yaro waɗannan halaye, kuma wuraren da suka kai shi a wannan fanni ba su da yawa. Amma da sharaɗi guda: aikin ya zama na gaske, sakamakonsa kuma ya faɗo a kan yaran. In sun kafa tanti a kwari aka sheƙa ruwa, su tashi da jiƙaƙƙen bargo. In wuta ta ƙi kamawa, abinci ya makara. Da zarar manya sun ɗauke musu wannan, abin da ya rage otal ne mai sauro.

"Wa ke buƙatar hura wuta a wannan zamani?"

Ita ce tambayar farko da iyaye kan yi, kuma ba tambayar banza ba ce. Yaron da zai girma ya yi aiki da kwamfuta, me zai yi da ƙulla igiya ko karanta kamfas, ga waya a aljihunsa tana nuna masa hanya? Gaskiya ne, yawancinsu har su tsufa ba za a sake neman su hura wuta da ashana ɗaya ba. Amfanin wutar yana cikin abin da take tilasta wa idon yaro ya yi.

A ba yarinya 'yar shekara goma ashana uku a ce ta tafasa ruwa, sannan a koma gefe a zuba ido. Za ta kwaso manyan itatuwa daga ƙasa ta jibga, ta ƙyasta, ashanar ta cinye ba abin da ya kama. Ta biyu iska ta kashe. Saura ɗaya. A nan za ka ga ta dakata, ta tsuguna, ta fara duba abin da ke gabanta da idon basira. Sai ta lura itacen da ke kwance a ƙasa ya sha danshi, lanƙwasawa yake yi, amma mataccen reshen da ke maƙale a jikin bishiya karyewa yake ƙas. Sai ta gane daga ina iska ke kaɗowa, ta ba ta baya. Ta tsinto kirare sirara kamar tsinken ashanar, ta ɗora masu kaurin yatsa a kai, ta bar 'yar kafa don wutar ta sha iska. Dajin da ɗazu duk "itace" ne a wurinta ya rabu gida-gida: wannan ɗanye, wannan ruɓaɓɓe, wannan zai ci wuta.

Da an faɗa mata duk wannan a ɗakin taro, da ta gyaɗa kai ta manta kafin a tashi. Ashanar ƙarshen ce ta sa ta duba.

Masana sun daɗe da nuna cewa ido na ganin abin da hankali ya aike shi nema ne kawai. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon wasu suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ta. Ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. A 2002 kuma masu bincike a jami'ar Cambridge sun gwada 'yan firamare a Birtaniya da katunan hotuna. 'Yan shekara takwas sun gane kusan kashi 80 cikin ɗari na halittun wasan Pokémon, amma dabbobi da tsirran ƙasarsu wajen rabi kawai suka sani. Mutane kan kawo wannan don kukan lalacewar yaran zamani. Ni abin da na gani a ciki daban ne. Yaron da zai haddace ɗimbin halittun ƙage da sunayensu da siffofinsu, kansa lafiya lau yake. An ba shi dalilin sanin waɗancan, ba a ba shi dalilin sanin bishiyar da yake wucewa kullum ba.

Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut, ya fahimci wannan. A sansanin gwaji da ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agustan 1907, da yara kusan 20, ya ware rana sukutum don lura: bin sawu, da riƙe ƙananan abubuwan da aka gani. Har yau 'yan sikawut na yin wasan nan na zuba tarkace kamar 20 a faranti, a bar yara su kalla na minti ɗaya, a rufe, a ce kowa ya lissafo. Mutumin sojan mulkin mallaka ne, ya yi yaƙi a ƙasar Ashanti (Ghana ta yau) da Afirka ta Kudu, kuma wani ɓangare na tunaninsa bai dace a gada ba. Wannan bai hana a ɗauki abin da ya gano daidai ba.

Ga misalai biyu da nake so domin ba sa buƙatar kayan aiki. In aka ga walƙiya, a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa, a raba da uku, a sami nisanta a kilomita, saboda ƙara na cin kusan mita 340 a daƙiƙa. In lissafin bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar fili a nemi mafaka. Na biyu, a kafa sanda a rana, a sa dutse a ƙarshen inuwarta, a jira kamar minti 15 a sake sa wani. Layin da ya haɗa duwatsun ya nuna gabas da yamma, dutsen farko shi ne ɓangaren yamma. Yaron da ya gwada waɗannan da hannunsa ya fara kallon sama da ƙasa a matsayin abubuwan da ke ba da labari.

Aiki mafi wuya a nan na malami ne, kuma aikin shi ne kame baki. Ya san amsa, yana kallon yaro na ɓata lokaci, ga yunwa ta fara taɓa kowa. Malamin kirki tambaya yake yi: "Me ka gani? Me ya bambanta wannan da wancan?" Sai ya yi shiru.

Shugaba ɗan shekara 12

Wani abin da aka yi a Brownsea, wanda a ganina ya fi komai nauyi, shi ne raba yaran rukuni huɗu, kowanne da yaro a kansa, aka kuma ɗora masa alhakin mutanensa da gaske. Makarantar NOLS, wadda Paul Petzoldt ya kafa a jihar Wyoming ta Amurka a 1965 don koyar da jagoranci a daji, tana da makamancin haka. Ɗalibai na karɓar ragamar tafiya bi da bi, yau kai gobe wani, malamai na biye.

Masu suka kan ce in ka ba yara mulkin juna, mai ƙarfin baki ne zai danne saura. A ranar farko haka ne. Amma hanya ba ta jin surutu.

Ɗauki rukunin yara shida da tafiyar kilomita biyar, kowa da jaka a baya. Shugaban yau shi ne dogon nan mai kaurin murya. Ya fizgi taswira ya yi gaba. Bayan rabin awa ya waiga, mutum biyu kawai ke bayansa. Ƙaraminsu takalmi ya ji masa ciwo yana ɗingishi, wata ta tsaya tare da shi, wani ruwansa ya ƙare. Ba wanda zai ci abinci sai duk shidan sun isa, saboda haka dole ya koma da ƙafarsa. Gobe, ko da ba shi ke jagoranci ba, zai san da saurin mai rauni ake auna tafiya. Zai san ana sa mai raunin kusa da gaba, a sa mai ƙarfi a ƙarshe, a ƙirga kai a kowace mararraba, a rage wa gajiyayye kaya tun kafin ya roƙa.

Sai kuma lokacin da na fi so. Yarinyar da tun safe ba ta ce uffan ba ta matso ta ce, a hankali, ai a taswira rafin nan a hagunmu ya kamata ya kasance, ga shi a dama. Yanzu shugaba na da zaɓi: ya saurare ta a gaban kowa, ko ya kare girmansa su ci gaba da ɓata. Manya da yawa masu riƙe da ofisoshi ba su taɓa cin wannan jarrabawa ba. A nan ne lura da shugabanci suke haɗuwa, domin jagoran da ba ya ganin halin mutanensa, ba ya kuma sauraron wanda ya fi shi gani, sunan kawai yake riƙe da shi.

In ba haɗari a gaba, malami ya bar su su bi hanyar da ba ita ba, ko da kilomita guda ne. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Matsalar ita ce manya da yawa ba sa iya jure kallon wannan, sai su karɓe taswirar "don a cece lokaci".

Akwai gargaɗi a nan ga sansanonin da suka mayar da komai gasa, rukuni da rukuni, da kofi a ranar ƙarshe. A 1954 Muzafer Sherif da abokan aikinsa sun kai yara maza 22, 'yan kimanin shekara 11, sansani a Robbers Cave da ke jihar Oklahoma. Suka raba su biyu suka sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki aka kai ga zage-zage, da ƙona tuta, da kai hari makwancin juna. Haɗa su cin abinci wuri ɗaya bai yi magani ba. Abin da ya sassauta gabar shi ne matsalar da ta shafi kowa: ruwan sansanin ya yanke suka nemo inda ya toshe tare, motar kawo abinci ta ƙi tashi suka ja ta da igiya tare. An soki binciken daga baya, domin masu shi sun sa hannu wajen ruruta rikicin, kuma su suka ƙirƙiro matsalolin. Duk da haka darasin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kula da yara. Gasa na fito da gwarzo, aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ke fito da jagora.

Godiyar da aka yanka wa lokaci

Zaman nan na "kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai" shi ya fi ba ni haushi. Na farko zai ce mahaifiyarsa, sai kowa ya ce mahaifiyarsa. Abin da yaro ke koya shi ne gano kalmar da ke sa fuskar malami ta saki.

Za a ce ai bincike ya goyi bayan haka. Robert Emmons da Michael McCullough sun wallafa a 2003 cewa waɗanda suka riƙa rubuta abubuwan da suke godiya a kansu sun fi jin daɗin rayuwa fiye da waɗanda suka riƙa rubuta abubuwan da suka dame su. Haka ne. Amma manya ne, yawancinsu ɗaliban jami'a, kuma a takarda suke rubutawa su kaɗai. Wannan daban yake da tsayar da yaro a gaban tsaransa a ce sai ya furta. In ana son a ɗauki wani abu daga binciken, a ba kowa ɗan littafi da minti goma na shiru, kada kowa ya karanta na wani.

Mutum ba ya gode wa abin da bai san wahalar samunsa ba. Lita goma ta ruwa kilo goma ce. Yaron da ya ɗauko ta daga rafi ya hau tudu da ita, ya jira ta tafasa sosai na minti ɗaya kafin a sha, ba sai an yi masa wa'azi a kan famfo ba. Wanda ya kankare baƙin hayaƙi daga tukunyar rukuni, hannunsa na daskarewa da sanyin safiya, zai fara tambayar kansa wa ke yin wannan a gida kullum ba a ko lura. Kuma godiyar da ke fitowa a irin wannan wuri tana da suna da dalili: "Na gode da ka karɓar mini jaka a kan tudun nan." Ita nake nema.

Shi ma wurin yana da haƙƙi. Ƙa'idojin nan bakwai da ake kira Leave No Trace, waɗanda masu zuwa daji ke bi a ƙasashe da dama, suna cewa ka kwashe duk sharar da ka kawo, ka kafa tanti kamar mita 60 daga bakin ruwa, ka kashe wuta har sai tokar ta yi sanyin da za ka taɓa da hannu. Yara sun gaji, mota na jira, amma sai an zagaye an tsince kowace leda saboda mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da su ba. Wannan rabin awar ta fi zaman dare bakwai.

Haɗari fa?

Wannan ce suka mafi ƙarfi, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. A watan Maris na 1993 matasa huɗu 'yan makaranta sun mutu a Lyme Bay da ke Ingila a wata tafiyar kwale-kwale da aka shirya da sakaci, abin da ya sa Birtaniya ta yi doka a 1995 ta tilasta wa irin waɗannan cibiyoyi samun lasisi. A ranar 4 ga Yulin 2025 ambaliyar kogin Guadalupe a jihar Texas ta ci rayukan 'yan mata da masu kula da su 27 a wani sansani. Akwai kuma haɗarin da ba daga daji yake fitowa ba. Ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka ta bayyana durƙushewar kuɗi a gaban kotu a 2020, mutane sama da 80,000 suka shigar da ƙorafin cewa an ci zarafinsu suna yara.

Duk wanda ya karanta waɗannan ya ce ɗansa ba zai je ba, ba zan ga laifinsa ba. Sai dai a lura, babu ɗaya cikinsu da ya faru saboda an bar yaro ya hura wuta ko ya riƙe taswira. Abubuwa ne da ke wuyan manya: inda aka gina makwanci, duba hasashen yanayi, ƙwarewar ma'aikata, tantance wanda ake ɗauka aiki, da dokar cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro. Wahalar da nake so a bar wa yara ita ce wadda ake warkewa daga ita kafin gobe, irin su jiƙewa, gajiya, makara, da kunyar kuskure. Ruwa mai zurfi, tsawa, wuƙa a hannun wanda ba a koya wa ba, da baƙon mutum, waɗannan ba fagen gwaji ba ne. Abin takaici, wasu sansanonin sun juya lamarin. Suna hana yaro taɓa ashana don kada iyaye su yi ƙorafi, amma ka tambaye su shirinsu in ruwa ya taso da tsakar dare, sai inda-inda.

Yaran da ke yin wannan kullum

Wani zai yi dariya ya ce miliyoyin yara a duniya na ɗebo ruwa da itace kowace safiya ba don nishaɗi ba, ga wasu na biyan kuɗi don su ɗanɗana. Akwai gaskiya a dariyar. Sansanin hutu ya samo asali ne a Amurka a ƙarni na 19, lokacin da birane ke cika ana fargabar yara sun rabu da aikin hannu. Magani ne ga wanda ya rasa abin. Yaron da ya taso yana karanta hadari da sawun dabba ba ya buƙatar a koya masa lura, kuma in ya shiga irin wannan sansani shi ya kamata ya zama malami. Zan so in ga sansanin da ke haɗa yaran biyu a rukuni ɗaya, a ga wa zai nemi taimakon wa. A Brownsea ma an haɗa 'ya'yan masu hali daga manyan makarantu da 'ya'yan ma'aikata da gangan. Amma kada a ɗauka wahala ita kaɗai ke gyara hali. Wahalar da ba ta da iyaka, ba wanda ke yaba ta, sau da yawa ɗacin rai take haifarwa.

Saura maganar tsawon lokaci, kuma a nan masu talla sun fi yin ƙarya. Sati ɗaya na iya buɗe wa yaro ido, amma ba ya sauya hali, musamman in ya koma gidan da ake yi masa komai. Kurt Hahn, malamin nan Bajamushe da ya kafa Outward Bound, makarantar horar da matasa a teku da daji, tare da Lawrence Holt a Wales a 1941, kwas ɗinsa kusan wata guda ne. Shi ne kuma ya taimaka wajen tsara lambar yabon matasa ta Duke of Edinburgh da aka fara a Birtaniya a 1956, wadda tsarinta ya fi gamsar da ni. Matakin farko kaɗai na ɗaukar aƙalla wata shida, da aikin sa kai da koyon wata fasaha da motsa jiki. Tafiyar dajin kwana biyu ce da dare ɗaya a matakin farko, tana kaiwa kwana huɗu da dare uku a na ƙarshe. Matasan ne ke tsara hanyarsu, su ɗauki kayansu, su dafa abincinsu. Masu kula da su na sa ido daga nesa, suna haɗuwa da su a wuraren da aka tsara tun farko. Sansanin da ba zai iya ba da wata shida ba, aƙalla ya kwaikwayi wannan nisan da manya ke bayarwa, ya kuma gaya wa iyaye ƙarara cewa sauran aikin nasu ne idan yaron ya dawo.